Jarrabawar Ummu Sabri

Shekara arba'in da biyu Usta Shahata yana gyaran injinan ban-ruwa a ƙauyukan Damanhur, sai ga shi, ikon Allah, an buɗe ƙirjinsa a Alkahira an sa masa nasa injin. Duk wanda ya zo dubiya sai ya yi masa wannan tsokanar, kowa kuma gani yake shi ya fara ƙirƙiro ta. Matarsa Atiyat, wadda kowa ke kira Ummu Sabri, ta ji ta har ta gaji da murmushin dole.

Zuciyarsa ce ta gaji ta kasa tura jini. Likitoci suka liƙa mata wani ɗan inji da zai zauna a tafin hannu, ya riƙa taya ta. Daga injin waya ta biyo ta fito ta fatar cikinsa, ta shige wani ɗan akwati da ke ɗaure a ƙugunsa, akwatin kuma yana shan wuta daga batir biyu da yake rataye da su hagu da dama. In ka kama wuyan hannunsa ba za ka ji bugun komai ba, don inji ba ya bugawa, zuba kawai yake yi. Wannan fa ya yi wa Usta daɗi. Sai ya miƙa wa mai dubiya hannu ya ce, "Taɓa ka ji." In mutum ya taɓa ya ji shiru ya zaro ido, sai Usta ya kwashe da dariya har ɗinkin ƙirjinsa ya yi masa zafi, ya koma yana nishi yana yi wa baƙon faɗa wai shi ya jawo.

Mako bakwai suna asibitin nan, abin da ya tsaya tsakaninsu da gida takarda ɗaya ce mai layi shida. Ba likita ɗaya ke sallamar mai inji a ƙirji ba. Mutum shida ke riƙe da shi, kowa da ɓangarensa, duk ranar Talata kuma sai sun zauna a teburi ɗaya sun tattauna shi kamar gonar gado. Dokta Hazim da ya yi aikin ya sa hannu. Likitar zuciya ta sa, bayan ta daidaita masa maganin tsinka jini. Mai kula da abinci ta sa, bayan yaƙin kwana uku a kan miyar mulukiyya, wato lalo, aka tashi a kan ludayi ɗaya, kada ya ƙaru kada ya ragu. Mai motsa jiki ya sa ranar da Usta ya hau matakala goma sha biyu yana tsine wa wanda ya gina ta. Injiniya Tamir ma ya sa, bayan ya je har ƙauye ya duba wutar gidan, wadda Usta ya ja da hannunsa, ya dawo yana salati ya ce a sake ta daga farko.

Saura layi na shida, na Mis Damyana, nas ɗin da ke haɗa kan aikin duka. Nata layin na mai jinya ne. Sai wanda zai zauna da maras lafiya a gida ya nuna a gabanta cewa in akwatin ya lalace injin ya tsaya, zai iya zare wayar ya mayar da ita cikin sabon akwati kafin mutum ya tafi.

Sau biyu Ummu Sabri tana faɗuwa wannan jarrabawar. Ta uku ran Laraba. In ta sake faɗuwa, an riga an yanke magana: Usta ba zai koma ƙauye ba, sai dai gidan ɗansu Sabri a nan Alkahira, unguwar Faisal, hawa na tara, inda matar Sabri mai aikin kantin magani za ta karɓi jinyar. Tagar ɗakin da aka ware musu a can bangon maƙwabta take kallo. Da aka gaya wa Usta, cewa ya yi to gara a zare batiran a huta. Da wasa ya faɗa, kowa ya yi dariya. Ita kam ba ta yi ba. Shekara talatin da takwas tana tare da mutumin nan, ta san in aka raba shi da bencin ƙofar shagonsa da manoman da ke tsayawa shan shayi, ba zai ga wata damina ba, inji ko ba inji.

Tun farko ma ba ita ya zaɓa ba, haba, ina! Ranar da aka ce ya kawo mai jinya, wansa Hajji Ragab ya kira. Hajji ya zo cikin gogaggiyar jallabiya, da biro a aljihu, ya zauna ya ɗora ƙafa ɗaya kan ɗaya ya ce a nuna masa, shi da ya yi shekara tara yana tuƙin tarakta. Mis Damyana ta dube shi sama da ƙasa, ta ce:

"Hajji, wa ke kwana ɗaki ɗaya da shi?"

Hajji ya yi tari, Usta ya ɗaga kai yana duban silin, Ummu Sabri ta ja mayafi ta rufe rabin fuska, kai ka ce an kama su da wani abin kunya bayan 'ya'ya huɗu da jikoki bakwai.

"To ita nake so," in ji Damyana. "Inji ba ya jiran a aika a kira Hajji daga wancan layi."

Ba a taɓa injinsa na gaske wurin gwaji. Akwai wani inji na koyo da ke zaune cikin kwalbar ruwa, da akwatinsa da ake ɗaura wa Usta a kan riga. In Injiniya ya kashe shi, ƙararrawa ta ɗau ihu, ruwan kwalbar ya tsaya cik. Aikin mai jinya ta sa batir a sabon akwati, ta buɗe makullin tsohon, ta zare wayar, ta daidaita alama da alama ta tura har ta ji ta zauna, sai ruwa ya ci gaba da zagayawa. Abu ne da bai kai fere albasa wuya ba. Amma ka zo ka ga Ummu Sabri a gwaji na biyu! Ta ɗauki batir a juye. Ta saki wayar ta faɗi ƙasa. Usta kuwa yana zaune yana ba da umarni kamar an kawo masa tsohon inji daga gona:

"Ba wannan ba! Ke, hagu! Hagunki, ba nawa ba! Ja makullin mana! Ya Allah, wannan mata za ta kashe ni da raina!"

"Wanne ne kuma makullin, Abu Sabri?"

Ya fizge akwatin daga hannunta. Yatsunsa ba su gama dawowa ba tun bayan aiki, sai da ya laluba sau uku kafin wayar ta shiga. Ruwa ya zagaya. Ya ɗago yana duban jama'a, yana jiran yabo.

"Madalla, Usta," in ji Damyana, tana rubutu. "Ka ceci ranka kana sume. Ban taɓa ganin irinka ba."

Ran Lahadi bayan azahar mai motsa jiki ya zo ya tafi da Usta zagayen baranda, aka bar Ummu Sabri ita kaɗai. Kayan koyon suna kan teburi, wani ya bar wayoyin a cukurkuɗe. Ta kau da kai. Ta sake dubawa. Ita fa ba ta iya ganin abu a hargitse ta ƙyale. Ta tashi don ta warware su kawai, wai. Kafin ta ankara hannunta ya wuce ta: batir ya zauna, makulli ya buɗe, waya ta fito ta shige sabon akwati, ƙyas! Ta zare ta sake yi, don daɗin jin ƙarar nan.

"Daƙiƙa talatin da ɗaya."

Ummu Sabri ta zabura har mayafinta ya zame. Damyana ce tsaye a bakin ƙofa, idonta a kan agogon hannunta, kusa da ɗan zanen giciyen da ke wuyan hannun.

"Injiniya Tamir da kansa a talatin da biyar yake yi," in ji ta. Ta shigo ta rufe ƙofa, ta jingina da ita. "Mama, wasa kike da ni?"

"'Yata, dace ne kawai."

"Sau biyu na tsaya ina kallo. Dacen naki yana da hannu mai kyau."

Ummu Sabri ta koma ta zauna a bakin gado, tana murza gefen mayafi. Kunya ta kama ta, da haushin kanta, da wata 'yar gajiya da ba ta san tana ɗauke da ita ba. Sai kawai ta ba ta labarin. Wata biyu da aurensu rishonsu ya toshe. Usta ya yi ta fama da shi a tsakar gida, a gaban uwarsa da ƙannensa, ya ƙi kamawa. Ita kuma amarya, 'yar sha tara, ba wayo, ta zare allura daga ɗankwalinta ta tsokane hancin rishon, wuta ta kama shuɗiya shar. Ƙannensa suka yi shewa. Shi bai ce komai ba. Kwana biyu bai ci abincinta ba, kuma ba fushi ya yi ba, kunya ce ta hana shi haɗa ido da ita. Daga ranar ta ɗau darasi. In ya gyara famfo ya bar shi yana ɗiga, sai ya fita ta ƙara ɗaure shi, da yamma ta ce, "Kai, Allah ya yi wa hannun nan albarka." Haka suka zauna lafiya har yau.

Damyana ta yi dariya har da dafa bango, sannan ta share ido ta daina.

"Mama, ba zan sa hannu a kan abin da na leƙo ta ƙofa ba."

"Ba ke kika ce talatin da ɗaya ba?"

"Ranar da abin zai faru yana gabanki. In a gabansa hannunki ke mutuwa, to a wurina ba ki iya ba."

"Don Allah kada ki gaya masa."

"Shi ba zan gaya masa ba. Amma mu mutanen teburi ba ma ɓoye wa juna komai. Ki shirya, ran Talata da ke za a zauna."

Ran Talata aka shigar da ita ɗakin taro. Mutum shida a zagaye da teburi, kofunan shayi sun huce a gabansu, fayil ɗin mijinta a tsakiya ya yi kauri. Aka ba ta kujera. Ta zauna a bakin-bakinta, jakarta a cinya. Damyana ta faɗi abin da ta gani, ba ƙari ba ragi. Injiniya Tamir ya buga tafin hannu a goshi.

"Shi ya sa! Dokta, gidan nan duk na bi shi, soket ɗaya kaɗai na samu an haɗa shi yadda Allah ke so, na kicin. Na yi ta mamaki. Hajiya, ke ce?"

Ummu Sabri ta dubi ƙasa. "Firij ne ya riƙa jan mutane."

Aka yi dariya. Daga nan kowa ya kawo tasa. Injiniya ya ce a fitar da Usta daga ɗakin a yi gwajin, Damyana ta ce ba ta yarda ba, ta faɗi dalilinta. Mai motsa jiki ya ce shi zai iya wahalar da shi a matakala har ya rasa numfashin magana. Mai kula da abinci ta ce a yi masa barazana da ludayin mulukiyyarsa. Dokta Hazim, mutum mai furfura da ba ya son dogon zance, ya ce abin ai mai sauƙi ne, a kira Usta a gaya masa gaskiya, babba ne, zai ɗauka.

"Ba ku san shi ba," in ji Ummu Sabri.

Ba ta yi niyyar magana ba, ta dai ji ta fito. Duk suka juyo.

"Ku gafarce ni, Dokta. Kun ce kada ya ƙara yin walda, ya ce to. Kun ce kada ya shiga ruwa, kada ya ɗaga inji, kada ya yi kwanciyar rubda-ciki, ya ce to. Wanka ma sai an naɗe shi a leda. Mutumin da ke ɗaukar kan inji a kafaɗa ya tsallake rafi da shi. Yanzu abin da ya rage masa a duniya shi ne ya fi ni sanin waya. Shi ma in karɓe, a gaban maza, a gaban mata? Wallahi hannuna ƙi yake yi. Ba da gangan kaɗai nake yi ba. In na ɗago na ga idonsa a kaina, sai in ji na koma ba na sanin komai."

Ba wanda ya yi dariya wannan karon. Dokta Hazim ya cire tabarau yana gogewa. Can likitar zuciya ta juya cokali a kofinta ta ce:

"Ai laifinmu ne. Mun yi ta gwada ta da mutum a farke yana surutu. In injin ya tsaya da gaske, mai yiwuwa a sume za ta same shi. Mu gwada ta a yadda abin zai zo."

Damyana ta dube ta, ta dubi Dokta Hazim. Injiniya ya fara murmushi.

"Wa zai iya sa Usta Shahata ya yi shiru na minti ɗaya?" in ji mai motsa jiki.

"Ku bar ni da shi," in ji Dokta Hazim.

Ran Laraba da hantsi duk su shida suka shigo ɗakin, abin da ba su taɓa yi ba. Usta na ganinsu ya gyara zama, ya shafa gashin baki. Aka ajiye kwalbar ruwa, aka ɗaura masa akwatin koyo. Dokta Hazim ya tsaya a kansa, hannu a aljihun farar riga.

"Usta, yau kai ma jarrabawa za ka yi."

"Ni? Ai na ci tawa tuni."

"Wannan daban ce. In ƙararrawa ta tashi, ka suma. Ba magana, ba buɗe ido, ba motsa yatsa, sai na ce ka tashi. In ka yi ko tari, an faɗi, kuma kai ka faɗi, ba ita ba. Sai Faisal, hawa na tara."

"To in ta ɗauki batir a juye fa?"

"Sai ka ci gaba da suma."

"Dokta, ko gawa ce ta ga wannan sai ta yi magana."

"Ni dai ina shakka ko za ka iya," in ji Damyana, tana duba agogo. "Na ce musu ba za ka kai daƙiƙa goma ba. Injiniya ya ce biyar."

Ai kuwa ta taɓo shi inda yake. Usta ya harare ta, ya harari Injiniya. "Ni? Ku zuba ido ku ga suma irin ta manya." Ya gyara filo, ya kwanta, ya ce, "Bismillah. Ummu Sabri, hagu dai hagunki ne." Ya rufe ido.

Injiniya ya danna. Ƙararrawa ta ɗau ihu, ruwan kwalba ya tsaya.

Usta fa ya iya suma, a ba shi wannan. Kansa ya karkace gefe, bakinsa ya ɗan buɗe, hannunsa ya zame daga gado ya yi lilo. Ummu Sabri ta ɗago don ta ga idon nan da ya saba tsare ta, sai ba ta gan shi ba. Wani tsoho ta gani kwance, ya rame, furfura ta cika masa haɓa, jijiyoyin wuyansa duk a waje. Yaushe ya zama haka? Kullum bakinsa na aiki, ba ta taɓa samun sararin dubansa ba. Ba ta san lokacin da ta kamo hannun nan mai lilo ba, ta danna yatsu a wuyan hannun. Shiru. Ta san shiru za ta ji, sau nawa ta ga yana tsorata baƙi da shi. Duk da haka tsoro ya cika ta tun daga tafin ƙafa, irin wanda ba ta ji ba ko ranar da aka shiga da shi ɗakin tiyata.

Ta saki hannun. Daga nan ba ta ƙara ganin kowa a ɗakin ba. Batir, makulli, waya, alama da alama, ƙyas. Ƙararrawa ta ɗauke. Ruwan kwalba ya ci gaba da zagayawa.

"Ashirin da takwas," in ji Damyana a hankali. "Har da riƙon hannun."

Ummu Sabri ba ta ji ta ba. Ta kama kafaɗar mijinta tana girgizawa. "Tashi. Abu Sabri, an gama, tashi." Ko gezau. "Shahata! Ya isa haka!" Ko gashin idonsa bai motsa ba. Ta kai masa duka a dantse, na gaske, har sai da mai kula da abinci ta ce wayyo, mutumin nan fa yana shan maganin tsinka jini.

"Tashi, Usta," in ji Dokta Hazim, yana danne dariya. "Ka ci."

Usta ya buɗe ido ɗaya, sannan ɗayan. Ya dubi kwalbar, ya dubi Injiniya. "Biyar, ko? Biyar ka ce?" Ya tashi zaune yana murza dantse. Damyana ta ɗora takardar a kan fayil, ta sa hannu a layi na shida, ta juyo ta nuna masa.

"Jibi in Allah ya so ka kwana a ƙauye."

Usta ya karɓi takardar ya ƙura mata ido, duk da ba tabarau a fuskarsa. Ya yi gyaran murya. "Ai na gaya muku. Koyarwa sai da haƙuri. Mako biyu ina fama da ita."

"Kowa ya shaida, Usta," in ji Injiniya Tamir, yana naɗe wayoyi, bai yarda ya haɗa ido da kowa ba.

Suka fita ɗaya bayan ɗaya. Damyana ce ta ƙarshe, ta ɗan matsa kafaɗar Ummu Sabri ta ja musu ƙofa.

Ummu Sabri ta shiga haɗa kaya, don ta sami abin yi da hannunta. Ta ninke tawul, ta warware, ta sake ninkewa. Usta ya yi shiru, shirun da ba na umarnin likita ba, ita kuwa wannan shirun take tsoro tun tana amarya. Ta ɗauko fulas ta ce ko zai sha shayi.

"Atiyat."

Rabon da ya kira ta da sunanta har ta manta. Ta tsaya da fulas a hannu.

"Idona a rufe yake, amma kunnena a buɗe. Na ji shigar wayar nan. Sau ɗaya, ba lalube. Shekara arba'in da biyu ina sauraron hannun mutane a kan ƙarfe, na san hannun da ya koya jiya. Wannan ba shi ba ne." Ya ɗago ya dube ta. "Tun yaushe?"

Ta so ta ce dace ne. Bakinta ya ƙi.

"Tun ranar da ta fara nuna mana."

Ya shiga lanƙwasa yatsu, leɓensa na motsi. "Kwana goma sha shida. Kwana goma sha shida ina kwance a nan ina cin dafaffen kabewa ba gishiri, wancan azzalumin yana kora ni matakala safe da yamma, ina mafarkin hawa na tara, ashe ke kunyata kike ji?"

"Ban so in..." Ta ajiye fulas ta zauna a kujera, ta rufe fuska da mayafi, kuka ya zo mata da dariya a haɗe, ta rasa wanne za ta fara. "Ban so su ga na fi ka ba."

"Fi na? Wa ya ce kin fi ni? Kada ki wuce wuri." Ya miƙo hannu ya janye mayafin daga fuskarta, ya riƙe yatsunta. Ya daɗe yana dubansu, nasa da nata, kafin ya ci gaba, muryar ta yi ƙasa. "Da na rufe idon nan, ƙarar nan tana tashi, na ji tsoro. Wallahi na ji. Na san na wasa ne, amma na ce yau da gaske ne fa, ga ni kwance ba na iya komai, sai abin da matar nan ta yi. Na ce in ta tsaya tambayata wanne ne makulli, na tafi ke nan."

Ta share hawaye da bayan hannu.

"Ki saurare ni. In ranar ta zo, ba na so ki ji kunyata. Ko a gaban Hajji Ragab ne, ko a gaban garin nan kaf. In na buɗe baki ki rufe min shi. In na kawo hannu ki buge. Kin ji?"

"Na ji."

"Ban ji ba."

"Na ce na ji!"

Ya gyaɗa kai, ya koma ya jingina da filo, ya ɗora gwiwar hannu a gefen cikinsa. Ummu Sabri ta duba wurin, ta sake dubawa. Sannan ta ja numfashi.

"To ɗaga hannunka daga nan, kana danne wayar."

Usta Shahata ya dube ta. Gashin bakinsa ya motsa, magana ta zo har leɓe. Ya haɗiye ta, ya ɗaga hannun.